Katin Hoton Ɗan Fari

Bulabulin, Nguru
Farkon damina

Zuwa ga ɗana Zainulabidin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da karatu, da shagon gyaran wayar da aka ce ka buɗe kusa da tasha. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke yi mini tsiya duk sanda hadari ya haɗo. 'Yata Humaira tana gaishe ka.

In ka manta ni, ni ce Hassana mai fura da nono. Kakarka ta wajen uba da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne. Ni na goya ka a wani biki a Yusufari ka jiƙa mini sabon zani, saboda haka ba ka da bakin ƙi mini aike.

Maganar yayan Humaira ce, ɗana na fari. Ka ji labarin motar shanun da ta faɗi da shi a hanyar Kudu. Daga ƙugu zuwa ƙasa har yau babu motsi. Da aka dawo da shi gida ko magana ba ya yi, sai da direbobi abokan aikinsa suka haɗa hannu suka sayo masa kwamfuta daga Kano, da ɗan sitiyari da aka ɗaure a jikin katako. A cikinta yake tuƙa babbar mota, da lodi da komai. Da farko na ce shirme ne, ƙato da gemu yana wasa. Amma wasan ne ya sa ya koma cin abinci. Abokinsa Goni yana zuwa kullum da la'asar ya zauna gefensa, wai shi ne karen mota, ina jiyo dariyarsu daga madafa.

Yanzu abin ya fara lalacewa. Motar tana tafiya sai ta tsaya cak, sai ta zabura ta faɗa rami. Haushi ya kama shi ya kashe, ya juya fuska bango. Ina shanya a bayan tagarsa na ji yana gaya wa Goni wai katin hoto ne ya tsufa, sabo kuma sai mai hali. Na sa Humaira ta rubuta mini sunan a tafin hannu don kar in manta. Tsoro nake ji ya koma yadda yake a da, wannan shi ne gaskiyar abin da ya sa na ɗauki biro.

Na sayar da tunkiyata. Kuɗin suna cikin ambulan ɗin nan, Madu direba zai ba ka hannu da hannu. Ka nemo masa katin. Sharaɗina ɗaya, ya zo a matsayin kyautarka, sunana kada ya fito. Kada kuma ka kira, wayar gidan nan ɗaya ce, tana ƙarƙashin filonsa. Madu zai riƙa kawo mini amsa wajen da nake zama da ƙwarya.

Goggonka,
Hassana

*

Gashua

Zuwa ga Goggo Hassana,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma karɓi saƙo daidai. Ina lafiya, sai zafin garin nan da jarrabawa da ta tunkaro. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Ban manta ki ba, amma maganar zani ba ni da shaida, sai dai in karɓi laifi don girmanki.

Labarin ɗanki Suhaibu ya taɓa ni. Rabona da shi tun yana koyon mota.

Bari in yi miki bayani a sauƙaƙe. Katin hoto shi ne ke zana duk abin da ake gani a allon kwamfuta, hanya da bishiyoyi da motar. In ya yi rauni hoton sai ya riƙa tsayawa. Na zagaya, na kuma tambayi Kano. Sabo dai a manta da shi, Goggo, wannan abu ya fi ƙarfin tunkiya ɗaya. Amma akwai wani Uwais a layinmu mai sayar da na hannu, yana da guda mai kyau. Ya ce in za a haɗa masa da tsohon katin Suhaibu a cika da kuɗin nan, zai bayar.

Sai dai ba a saye da ka. Babban kati ya fi shan wuta. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka, shi ke raba wa kowa wuta, kuma ba kowane ne ke ɗaukar babban kati ba. Ina bukatar sanin ƙarfinsa kafin in ce wa Uwais to.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki shiga ki tambayi Suhaibu, ko ki bar ni in kira shi. In bai sani ba zai sa a buɗe a karanta mini. Na san ɗan fari ne, na san tarbiyyarmu, amma tambaya ce ta minti ɗaya. Kafin nan kada a taɓa komai.

Ɗanki,
Zainu

*

Nguru

Zainulabidin,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwa jiya har ya shiga zaure.

Na ga inda ka rubuta abin ya fi ƙarfin tunkiya ɗaya. Na karanta wurin sau da yawa. Ai na san ni matalauciya ce, ba sai ɗan jami'a ya aiko mini da shi a rubuce ba. Ita kaɗai gare ni, da ina da biyu da biyu na sayar.

Sannan wai in shiga in tambaye shi. Kai ɗan wane gida ne? Tunda na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Yana wata bakwai uwata ta ɗauke shi, a bayanta ya girma. Ranar da aka shigo da shi a kan tabarma daga asibiti, mata suna kallona, dama furata na ci gaba da yi, sai da na shiga bayan gida na yi kukana. Wankinsa ni ce, abincinsa ni ce, amma Humaira ke shiga da su. Yanzu in yaye labule in ce, ɗana, me ranka yake so? Ƙasa ta tsage in shige ya fi mini sauƙi.

Tunda mai shagon ya ce sai da tsohon, ga tsohon nan. Ranar Litinin ƙanen babansa ya kai shi gashin ƙashi, na kira Goni na rantsar da shi, ya kwance ya ciro. Na naɗe shi a ɗankwali na sa a kwanon sha mai murfi. Maganar akwatin ƙarfe, na leƙa na gan shi, ƙato ne, ba ƙarami ba. Zai ɗauka.

Da ya dawo ya kunna bai ga hoto ba, Goni ya ce masa wataƙila sanyin damina ne, a bar ta ta huta kwana biyu. To kwana biyun nan nake ba ka. Ka karɓo ka ba Madu.

Hassana

*

Nguru

Zainu,

Ina gaisuwa. Ko lafiya? Mu dai ga mu nan.

Kasuwa ta ci ta sake ci ban ga Madu ba, ban ga saƙonka ba. Na je tasha aka ce motarsa ta lalace a hanya, wani ya ce a'a, Machina ya koma yi. Wannan takardar wata mai sayen kifi na roƙa ta kai maka.

Yayan Humaira ya daina tambayar kwamfuta. Da ma masifa yake yi da ya fi mini. Kwano yadda ya shiga haka yake fitowa. Goni yana zuwa ya zauna, ya yi ta zuba shi kaɗai, da Hausa da Barbarci, babu mai amsa masa. In ya fito sai ya tsaya a bakin madafa ya ce, Inna, yaushe? 

Da can ko da tsayawa motar tana tafiya. Ni na sa aka cire, yanzu babu ko ɗaya. In fushi ka yi da maganata ta wancan karo, ka yi haƙuri, bakina ne haka. In kuma wata bukata ta taso maka ka taɓa kuɗin, ba zan gaya wa kowa ba, ka dawo mini da tsohon kawai.

Goggonka

*

Gashua, a tasha

Goggo,

Sallama. Lafiyata ƙalau, a gaishe da Humaira. A tsaye nake rubutu, Madu ya cika mota yana ta danna mini ham.

Takardunki biyu kusan tare suka iso. Motar Madu ta kwana biyu a gareji da kwanonki a ƙarƙashin kujera. Ban yi fushi ba, ban kuma taɓa ko sisi ba, ko da yake maganar ta yi mini zafi. Batun tunkiya, wallahi tsadar kaya nake nufi. Ni da na san abin da tunkiyar nan take a wurinki, ina ni ina raina ta.

Da na buɗe kwano na ga katin ban ji daɗi ba, don na ce kada a taɓa. Amma tunda an cire, na kai wa Uwais. A gabana wani mutumin Dapchi ya saye shi, saboda haka tsohon ya tafi. Ga sabon nan a kwali, na rubuta daga Zainu a jiki yadda kike so. Na gwada shi a shagona yana aiki lafiya.

Yanzu ki natsu nan. Girman akwatin wuta a ido ba shi ne ƙarfinsa ba. A gefensa akwai takarda a manne, da lamba. In lambar ba ta kai ɗari biyar ba, kada a sa katin, a jira in nemo wani akwatin. Ki ba Goni takardar nan ya karanta da idonsa, ko Suhaibu in kin daure.

Zainu

*

Nguru

Ɗana Zainu,

Ina gaisuwa. Jiki lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, ka yi haƙuri da rubutun.

Kwali ya iso. Takardarka kuma ban ba Goni ba. Ka cika ta da maganar tunkiya, shi kuma bai san na sayar da ita ba, na ce masa kai ne ka saya. Kunya ta hana ni. Na soke ta a cikin zani na ce masa ka ce a yi hankali. Lambar da ka faɗa ta shige mini, na ɗauka irin ƙa'idar masu boko ce da ba ta hana komai.

Na so yayan Humaira ya dawo daga gashin ƙashi ya tarar da mota tana tafiya. Da suka fita Goni ya sa katin ya kunna. Hoto ya fito tar, har ya kira ni in gani, na tsaya daga bakin ƙofa. Ya ɗauki lodi ya hau titi. Bai yi nisa ba muka ji fat, allo ya yi baƙi, hayaƙi ya fito ta baya da warin roba. Ya kashe ya kunna, ko fanka ba ta juya ba. Tsoro ya kama ni na ɗauke kwalin na cusa a ƙarƙashin gadona.

Ana shigo da shi ya ji warin. Ya sa Humaira ta kwance gefen kwamfutar ta juyo masa da ita. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ba katinsa ba ne. Ya dubi Goni ya ce, kai kaɗai ke taɓa ta. Ya ce ashe sanyin damina da ka ce ƙarya ce, ka sace nawa ka sayar, ka sa mini mushe. Ya ce don ka ga ba zan iya tashi in bi ka ba. Abin da ya faɗa bayan wannan ba zan rubuta ba.

Ina tsaye a bayan labule, ƙafafuna suna waje. Goni ya juyo ya dube su, na san ni yake jira. Zainu, bakina ya ƙi buɗuwa. Goni ya sa takalmansa ya fita. Tun ranar bai sake tako gidan ba, kuma magana ta fita unguwa, har a majalisar masu shayi ana cewa ya cuci gurgu.

Ka zo ka gyara. Ko ka rubuto masa ka ce kai ka aiko, kai ka sa Goni. Kai namiji ne, kuma nesa kake, zai huce.

Goggonka

*

Gashua

Zuwa ga Goggo Hassana,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, jarrabawa saura kaɗan. Allah ya kwantar miki da hankali.

Ni ma da laifina. Da na rubuta gargaɗin a jikin kwali da Goni ya gani. Sauri ya sa ban yi tunani ba.

Game da kwamfuta, akwatin wutar ne ya ƙone. In an yi sa'a shi kaɗai ya tafi, wannan mai sauƙi ne, zan iya nemo na hannu da aljihuna. In ba a yi sa'a ba ya tafi da katin, ko da babban allon da komai ke zaune a kai. Daga nan ba zan iya sani ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba.

Amma wasiƙar da kika ce in rubuta masa, ki yafe mini, ba zan rubuta ba. In na ce ni ne, zai tambaye ni yadda aka yi na san katinsa ya tsufa, da wanda ya buɗe wa Goni ɗaki. Ƙarya za ta yi ta haihuwa, Goni kuma yana nan da sunan ɓarawo. Ya riƙe miki rantsuwa har ya rasa mutuncinsa a unguwa. Ko na gyara kwamfutar gobe, wa zai zauna gefen Suhaibu?

Ban raina kunyarki ba, Goggo. Tawa uwar ma haka take da yayanmu. Amma yayanmu yana da ƙafa, in ya so ganin fuskarta zai zagaya ya gani. Suhaibu abin da ya shigo ɗakin kawai yake gani.

Zan jira zuwa Juma'a. In Madu bai kawo mini komai ba, zan kira wayar da ke ƙarƙashin filon in faɗa masa yadda aka yi. Na gwammace ki yi fushi da ni.

Ɗanki,
Zainu

*

Nguru, ranar Alhamis

Zainu,

Sallama. Muna lafiya. Ba sai ka kira ba.

Takardarka ta ba ni haushi, na ce ji ɗan da na goya yana ba ni wa'adi. Na kwana da ita. Da safe na aiki Humaira kai nono, na ɗauko kwalin, na ɗauki kwanon kununsa da hannuna. Sau biyu ina zuwa bakin labule ina komawa. Da na shiga yana fuskantar bango, ya ce ajiye nan Humaira. Na ce ba ita ba ce.

Ya juyo da kai ya ga ni ce, sai ya fara laluben mayafi yana rufe ƙafafunsa. Ban san sun rame haka ba.

Na zauna a ƙasa na dubi tabarma na faɗa masa duka, tun daga bayan taga har zuwa hayaƙi. Na ce Goni bai ɗauki komai ba, ni na rantsar da shi. Na tura masa kwalin. Bai ko dube shi ba. Ya ce da wane kuɗi? Na ce tunkiya. Na zaci ya gama da ni, na yunƙura zan tashi.

Sai ya ce, Inna, da kin tambaye ni. Na ce ka san ba a yi. Ya ce ya sani, da yana da lafiya bai taɓa damuwa ba. Amma tunda aka kwantar da shi a ɗakin nan yake jin tafiyata tana zuwa bakin ƙofa tana wucewa, har ya yanke a ransa na gaji da shi ne, ina jiran Allah ya ɗauke mini nauyi. Haka ya faɗa, Zainu, ba da faɗa ba. Ni ina can ina taƙama da fulako, kunyarmu ta Fulani, shi yana nan yana zaton mutuwarsa nake jira. Na yi kuka a gabansa, ban ɓoye ba.

Da rana na je gidan su Goni da ƙafata. Uwarsa ta karɓe ni a tsaitsaye. Shi kuma ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, na ba shi haƙuri, na ce zan faɗa a gaban kowa. Ya ce ba komai Inna, amma bai ce zai zo ba. La'asar ta yi ta wuce bai zo ba. Yayan Humaira ya kira shi a waya bai ɗauka ba.

Ga saƙonsa. Ya ce a gaishe ka, ya gode. An karanta lambar jikin akwatin, ɗari biyu da hamsin ce. Ya ce ka aiko da wanda ya dace, kada ka bar jarrabawarka, za ka gaya masa ta waya yadda ake haɗa wayoyin shi zai yi da kansa a kan gado. Ya san mai yiwuwa ba za ta tashi ba. Sai dai ba ya iya miƙewa zaune ba tare da ya dogara da hannu ɗaya ba, dole wani ya riƙe masa kwamfutar ya haska masa tocila. Na ce Humaira tana nan. Ya ce hannunta rawa yake yi, ni yake so.

Ban san yadda zan zauna kusa da shi haka ba, kaina dab da nasa. Amma na ce to. Ka ba Madu da wuri.

Goggonka,
Hassana